Jami'in rada jiyau ne, ba ganau ba: yadda matuƙi zai warware saɓanin altimita da tiransfonda

Wata safiya a ƙarshen damina muna tafe da wani ɗalibina a ƙaramin jirgin koyo, allurar altimita, na'urar da ke nuna tsayin jirgi, tana zaune daram a kan ƙafa 5,500, sai jami'in da ke kula da mu ya kira ya ce allonsa yana nuna mu a ƙafa 5,000, mu duba saitinmu mu tabbatar masa da tsayin da muke. Kafin ya rufe baki ɗalibin ya fara jan sitiyari zai ɗaga hancin jirgi, na dafa hannunsa na tsayar da shi. "Malam, ai ya ce muna ƙasa," in ji shi. Na tambaye shi da me jami'in ya auna mu, sai ya yi shiru, domin bai taɓa tsayawa ya yi wannan tunani ba. Yawancin masu koyo, har da wasu da suka daɗe da karɓar lasisi, suna ɗauka cewa rada tana hango tsayin jirgi da idonta. Ba haka abin yake ba. Lambar da jami'i yake karantawa a gefen ɗigon jirginka, jirgin naka ne ya faɗa masa ita, saboda haka a maganar tsayi shi jiyau ne, ba ganau ba, kuma matuƙin da bai riƙe wannan ba yana iya barin tsayin da yake daidai ya bi lambar da ta ɓaci.

Daga ina kowace lamba take fitowa

Altimita ba nisan jirgi daga ƙasa take aunawa ba, matsin iska take aunawa. A gefen jikin jirgi akwai 'yan ƙananan huda da ba su fi ƙwayar gero girma ba, ta nan iskar waje take shiga ta bi siririn bututu zuwa bayan na'urar, inda wani faifai da aka zuƙe wa iska yake kumbura idan matsi ya ragu, ya tsuke idan ya ƙaru, motsinsa kuwa shi ke juya allura. Da yake matsin iska a doron ƙasa yana canzawa daga awa zuwa awa da kuma daga gari zuwa gari, an yi wa altimita 'yar taga da maɓallin murzawa domin matuƙi ya gaya mata inda za ta fara ƙirga. Idan ya sa QNH, wato lambar da masu awon yanayi suke bai wa hasumiya ita kuma ta ba shi, allura za ta nuna tsayinsa daga saman teku. Idan ya sa QFE za ta nuna sifiri a kan titin jirgi. Idan kuwa ya sa lambar bai-ɗaya ta duniya, hektofaskal 1013.25 ko incin zaiba 29.92, to yana karanta abin da ake kira matakin tashi, wanda dukkan jirage ke amfani da shi da zarar sun haura tsayin sauyi, wato tsayin da ake barin QNH a koma wannan lamba. A Amurka tsayin sauyi ƙafa 18,000 ne ko'ina, a wasu ƙasashe kuma kowane filin jirgi yana da nasa a rubuce a taswirar sauka.

Ita kuwa tiransfonda, rada tana aiko mata tambaya a zangon megahaz 1030, tana amsawa a 1090, kuma a cikin amsar akwai tsayin jirgi. Tsayin nan ba daga allurar da ke gabanka take samunsa ba. Tana karɓarsa ne daga inkoda, wata ƙaramar na'ura da aka jona da bututun iska ɗaya da altimita, ko kuma daga kwamfutar bayanan iska a manyan jirage. Abin da ya kamata ka haddace shi ne, inkoda ba ta san QNH ba. Kullum daga 1013.25 take ƙirga, komai ka murza a tagar altimita ba ya taɓa ta ko kaɗan. An yi haka da gangan, domin kada kuskuren yatsan matuƙi ɗaya ya shiga cikin lambar da ake raba jirage da ita. Kwamfutar ƙasa ce take ɗaukar wannan ɗanyen tsayi, ta yi masa gyara da QNH na yankin idan jirgin yana ƙasa da tsayin sauyi, sannan ta rubuta shi a allon jami'i.

A ɗauki filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda tsayinsa daga saman teku ƙafa 1,562 ne. A ranar da QNH yake 1009, altimitar da aka saita daidai za ta nuna kusan 1,560 a ƙasa. Kowane hektofaskal ɗaya yana daidai da ƙafa 27 zuwa 30, don haka huɗun da suka rage a kai 1013 sun tashi kusan ƙafa 110, inkoda tana jin 1,670, tiransfonda kuma ta aika 1,700. Matuƙin da ya kalli fuskar tiransfondarsa ya ga 1,700 alhali allura tana 1,560 bai ga matsala ba, ya ga tsarin yana aiki yadda aka gina shi.

Ba kowane bambanci ne ciwo ba

Tsohon tsarin amsar tiransfonda, wanda ake kira Mod C, yana aika tsayi ne a ɗari-ɗari, wato ƙafa 4,960 da 5,040 duk 5,000 ne a wurinsa. Sabon tsari, Mod S, yana iya aikawa a ƙafa 25-25 idan na'urar da ke ba shi bayani ta ƙware haka. Ban da wannan, dokar Amurka ta yarda inkoda ta saɓa da altimita har ƙafa 125 idan an saita su a ma'auni ɗaya, kuma hannun matuƙi da kansa yana yawo da ƙafa 50 sama ko ƙasa a ranar da iska ke tsalle. Idan waɗannan suka taru a gefe guda, jami'i zai iya ganin bambancin ƙafa 200 ba tare da komai ya lalace ba. Akwai kuma jinkiri: radar kusa da filin jirgi tana zagayowa duk daƙiƙa huɗu zuwa biyar, ta nesa tana iya kaiwa goma sha biyu, saboda haka jirgin da ke hawa ƙafa 2,000 a minti yana iya yin gaba da lambarsa da 'yan ɗaruruwan ƙafa. Shi ya sa ba a yanke hukunci a kan saɓani sai jirgi ya daidaita.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba jami'ai iyaka: ƙafa 200 a sararin RVSM, wato tsakanin mataki na 290 da na 410 (ƙafa 29,000 da 41,000 a ma'aunin 1013) inda ƙafa 1,000 kacal ke raba jirage, sai ƙafa 300 a sauran wurare, ko da yake hukumar ƙasa tana iya matse ta zuwa 200. Afirka ta shiga tsarin RVSM a watan Satumba na 2008, don haka wannan iyaka ita ce ke aiki a sararin da NAMA ke kula da shi a Najeriya da wanda ASECNA ke kula da shi a Nijar. Kowace cibiya tana tantance lambar aƙalla sau ɗaya a farkon haɗuwarta da jirgi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake son ka faɗi tsayinka a kiran farko. Ka faɗi abin da allura ta nuna zuwa ɗari mafi kusa. Idan an ba ka 6,000 kana 5,800 kana hawa, 5,800 za ka faɗa, domin da lambar bakinka ne jami'i zai gwada ta allonsa.

Kafin ka tayar da jirgi

Rabin aikin a ƙasa ake yinsa. Wajen zagayen duba jirgi ka tsaya a gaban kafofin iska na gefe ka kalle su da kyau, in da dare ne ka haska da tocila, ka tabbatar babu salatif, babu fenti ko man goge jiki da ya toshe su, kuma jikin jirgin da ke kewaye da su bai lotsa ba. Jirgin da ya kwana biyu a ajiye ba a rufe kafofinsa ba, zanzaro yana iya gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu, ƙurar hunturu tana taruwa, ruwan damina kuma yana shiga bututu ya kwanta a inda ya lanƙwasa.

Bayan ka karɓi QNH ka sa shi, ka gwada abin da allura ta nuna da tsayin wurin da jirgin yake tsaye kamar yadda taswira ta rubuta. A Amurka ƙafa 75 ce iyakar bambancin da ake karɓa, ICAO kuma ta sa ƙafa 60 ga altimitar da aka gwada har 30,000, da ƙafa 80 ga wadda aka gwada har 50,000. Daga nan sai ka yi gwajin da mutane da yawa suke tsallakewa duk da bai fi rabin minti ba: ka murza taga zuwa 1013, ka kalli tsayin da tiransfonda take nunawa a fuskarta in tana da wannan shafi, ka ga ko sun yi kusa. Ka mayar da QNH nan take kafin wani abu ya ɗauke maka hankali, domin na ga wanda ya yi gwajin da kyau sannan ya tashi da 1013 a taga. Wasu tsofaffin inkoda suna da ɗan abin ɗumama a ciki, sai sun yi 'yan mintoci da kunnawa suke fara ba da lambar kirki, saboda haka kada ka zarge su a minti na farko na safiyar sanyi.

Idan jami'i ya ce lambarka ta saɓa

Abu na farko shi ne ka ci gaba da riƙe tsayin da aka ba ka a kan altimitarka, kada ka hau kada ka sauka. Ba ka san wadda ta yi ƙarya ba tukuna, kuma idan inkoda ce, bin lambar jami'i zai kai ka cikin tsayin wani jirgi. Wannan doka tana da togiya ɗaya mai nauyi: idan kana kusa da ƙasa, kana saukowa cikin gajimare ko hazo, aka ce maka kana ƙasa da inda kake zato, ko na'urar gargaɗin ƙasa ta yi kuka, to ka ɗauki mafi munin lambobin a matsayin gaskiya, ka hau zuwa tsayin da babu tsauni ko hasumiya da za ta same ka, sannan a yi bincike a can.

Sai ka kalli taga. Mafi yawan saɓanin da na sani a nan yake ƙarewa. Ka nemi jami'i ya maimaita QNH, ka karanta masa lambar da ke tagarka ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce masa kawai ka saita. Girman bambancin ma yana nuna inda kuskuren yake. Idan kusan ƙafa 280 ne ko 300, ka nemi kuskuren hektofaskal goma, irin 1003 da 1013, wanda yawanci mantuwa ce wajen ratsa tsayin sauyi: an ba ka mataki na 120, ka bar 1003 a taga, ka daidaita a 12,000, jami'i yana ganinka a 123. Idan kusan ƙafa 1,000 ne a jirgin da ke aiki da inci, inci ɗaya aka kuskure. Idan kusan 600 ne, ka duba ko an ba ka hektofaskal 992 kunnenka ya ji 29.92, domin tsakaninsu akwai hektofaskal 21, kuma saboda wannan ruɗani ne jami'an Ingila suke furta kalmar hektofaskal duk lokacin da lambar ta gaza 1,000. Idan kuwa bambancin ya yi daidai da tsayin filin jirgin da ka baro, QFE ne ya rage a taga. Alkiblar kuskuren ba ta canzawa: idan lambar tagarka ta fi ta gaskiya yawa, allura tana ƙara maka tsayin da ba ka da shi, jirgin yana ƙasa da inda kake zato.

Kuskuren ba lalle daga wurinka ya fito ba. Ranar 23 ga Mayu 2022 wani Airbus A320 da ya taso daga birnin Stockholm yana sauka a filin Charles de Gaulle na Faris cikin ruwan sama, aka ba matuƙansa QNH 1011 alhali na gaskiya 1001 ne. Suna bin salon saukar da kwamfutar jirgi take zana gangaren da altimita, don haka gangaren gaba ɗaya ya sauka da kusan ƙafa 280, kuma duk gwajin tsayi da nisa da suka yi ya nuna musu suna daidai, tunda da altimitar da aka ɓata suke gwadawa. Ba su ga titi ba suka fasa sauka, jirgin ya kai ƙafa shida tsakaninsa da ƙasa kafin ya ɗaga. A wannan rana lambar rada ce mai gaskiya, domin inkoda ba ta ji 1011 ɗin ba. Darasin da na ɗauka shi ne, QNH da aka faɗa maka a rediyo ka gwada shi da wanda ka ji a sanarwar yanayi ta filin da wanda ke takardar hasashen da ka ɗauko. Matsin iska ba ya tsallake hektofaskal goma cikin rabin awa haka kawai, musamman a ƙasashenmu masu zafi inda yake motsi kaɗan-kaɗan.

Idan taga daidai take, ka maimaita gwajin ƙasa: ka karanta tsayin da tiransfonda take aikawa, ka gwada shi da altimita a ma'aunin 1013. Idan kuna biyu, ko akwai altimita ta biyu, a yi gwajin a kanta a bar taka a kan QNH. Idan sun dace da juna amma jami'i yana ganin wani abu dabam, mai yiwuwa gyaran da kwamfutarsa take yi ne ya karkace, sai ka tambaye shi ko sauran jiragen da ke hannunsa ma suna nuna irin wannan bambanci. Idan ba su dace ba, ciwon yana cikin jirginka, tsakanin altimita da inkoda, sai ka lura da halinsa. Bambancin da yake tsaye a kowane tsayi, ko yake ƙaruwa a hankali yayin hawa, alamar na'urar da awonta ya goce ce. Wanda kuwa yake zuwa yana tafiya, daidai a nan, kuskure a can, yawanci waya ce.

Abin da ya same mu da ɗalibina ke nan. Mun roƙi izini muka sauka zuwa 4,500, jami'i ya ce yanzu lamba ta daidaita, muka koma 5,500 ta sake cewa 5,000. Tsofaffin inkoda suna magana da tiransfonda ta wayoyi kusan goma, kowane tsayi yana da nasa haɗin wayoyin da ke kunne da waɗanda ke kashe, tsarin da ake kira lambar Gillham. Idan waya ɗaya ta tsinke, ba za a gane ba sai an kai tsayin da ake bukatar ta kunnu. Da muka sauka injiniya ya cusa kansa ƙarƙashin allon na'urori, ya zare fulogin ya miƙo mini, ga ƙafarsa ɗaya ta yi kore da tsatsa. Da na bar ɗalibin ya bi maganar jami'i, da mun je 6,000 muna tsammanin gyara muka yi.

Idan lambobin biyu suka haɗa baki a kan ƙarya

Wannan ya fi saɓani haɗari, domin babu wanda zai kira ka. Altimita da inkoda bututu ɗaya suke sha, in ya toshe ko ya yi yoyo tare za su ɓata, jami'i kuma ya tabbatar maka da kuskurenka da zuciya ɗaya. Ranar 2 ga Oktoba 1996 jirgin Aeroperú mai lamba 603, ƙirar Boeing 757, ya tashi daga Lima cikin dare da salatif a kan kafofin iskarsa, wanda aka liƙa lokacin goge jikin jirgin aka manta ba a cire ba. Na'urori suka rikice, matuƙan suka nemi jami'i ya riƙa faɗa musu tsayinsu, shi kuma ya riƙa karanta musu kusan ƙafa 9,700 daga allonsa, lambar da ta fito daga kafofin nan da aka toshe. Na'urar gargaɗin ƙasa, wadda ke aiki da altimitar rediyo mai auna nisan jirgi daga ƙasa kai tsaye, tana ta kuka cewa sun yi ƙasa da yawa, kuma ita ce mai gaskiya. Fiffiken jirgin ya taɓa ruwan tekun Fasifik, mutum 70 da ke ciki duka suka rasu.

Shekara goma sha huɗu bayan haka abin ya kusa maimaituwa a sararin Faransa. Ranar 2 ga Yuni 2010 matuƙin wani Pilatus PC-12 ya ga altimitarsa ta hagu tana nuna mataki na 270, ta dama tana nuna 290. Ya nemi a duba masa, jami'in farar hula ya tuntuɓi na soja, aka dawo masa da amsar cewa yana 270. Amsar nan daga tiransfondarsa aka karanto ta, ita kuwa tana jone da ɓangaren hagu, wanda bututunsa yake yoyo yana shaƙar iskar cikin jirgi mai matsi. A zahiri yana 290, a gaban wani Airbus A318 da aka ba wannan mataki. Na'urar TCAS, mai gargaɗin karo tsakanin jirage, ba ta yi gargaɗi ba, ta ƙasa ma ba ta yi ba, domin dukkansu da lambar tiransfonda suke lissafi. Da ido matuƙan Airbus suka gan shi suka kauce, tazarar gefe ba ta wuce mita 30 ba.

Saboda haka idan kana shakkar altimitarka, kada ka tambayi jami'i tsayinka ka ɗauki amsarsa hujja. Ka nemi shaidar da ba ta sha daga bututu ɗaya ba. Altimitar ko-ta-kwana a manyan jirage tana da nata kafofin, ita ce ta uku mai raba gardama, kuma a sararin RVSM ana son manyan altimitoci biyu su dace cikin ƙafa 200, a riƙa gwada su kusan duk awa, a kuma rubuta bambancinsu da ta ko-ta-kwana tun lafiya lau domin ranar bukata. Altimitar rediyo tana aiki daga ƙafa 2,500 zuwa ƙasa. Sauran na'urori ma suna tona asiri: idan kafar iska ta toshe, allura tana sandarewa, ma'aunin hawa da sauka ya tsaya a sifiri, ma'aunin gudu kuma ya riƙa raguwa in kana hawa, ya ƙaru in kana sauka. A ƙaramin jirgi sai ka buɗe kafar iska ta madadin, wadda ke shaƙa daga cikin ɗakin matuƙi, ka sa rai allura za ta ɗan ƙara sama da gaskiya, ka duba teburin gyara a littafin jirgin. A jirgi mai matsin ciki kuwa, yoyo yana sa allura ta nuna ƙasa da gaskiya, kamar yadda ya faru da PC-12.

GPS shaida ce mai amfani amma sai an san halinta. Ita ainihin nisa take aunawa, ba matsi ba, kuma iska mai zafi tana buɗewa, don haka jirgi yana sama da abin da altimita ta nuna da kusan kashi huɗu cikin ɗari a kan kowane digiri goma da zafi ya haura ma'aunin bai-ɗaya. A tsayin Kano ma'aunin ya ce digiri 12, amma a watan Afrilu ana kaiwa 40. Jirgin da ke ƙafa 10,000 a irin wannan rana GPS ɗinsa zai iya nuna ƙarin ƙafa 600 ko fiye alhali altimita lafiyarta ƙalau. Zafi ba ya raba altimita da tiransfonda, tare yake karkatar da su, kuma tare yake karkatar da na sauran jiragen da ke kusa da kai, shi ya sa ba a raba jirage da tsayin GPS. Amfaninta shi ne idan altimitoci biyu suka saɓa da ƙafa 2,000, za ta nuna maka wadda ta fi kusa da gaskiya. Ka saba duba tazararta da altimita a ranakun da komai yake lafiya, domin ka gane ranar da tazarar ta sauya.

Idan saɓanin ya ƙi warwarewa

In jirginka yana da tiransfonda biyu, ka koma ta biyu ko ka sauya inda take karɓar tsayi, ka kuma tabbatar ɓangaren da kake tuƙi da shi ne yake ba ta bayani. In bai gyaru ba, jami'i zai iya ce maka ka daina aika tsayi. A ƙananan na'urori wannan yana nufin ka mayar da maɓalli daga ALT zuwa ON, ba zuwa STBY ba, domin ana son lambar shaidarka da wurin da kake su ci gaba da bayyana. Wani lokaci kuma zai ce ka bar ta a kunne, ya yi watsi da lambar ya sanar da cibiya ta gaba. Ka sani cewa da zarar ka daina aika tsayi, TCAS na sauran jirage ba zai ba matuƙansu umarnin kauce maka ba, sai dai ya nuna musu kana kusa, don haka ka riƙa faɗin tsayinka duk lokacin da ka sauya shi. Idan kana sararin RVSM ka faɗa a fili cewa na'urorinka ba su cika sharaɗi ba, domin a ba ka tazarar ƙafa 2,000 ko a fitar da kai daga cikinsa. Idan kuwa ba ka san tsayinka ba sam, ka faɗi haka da waɗannan kalmomi, ka ƙara da cewa lambar allonsa ma ba abar dogaro ba ce, ka nemi a share maka sarari sama da ƙasa.

Bayan sauka ka rubuta abin da ya faru a littafin jirgi dalla-dalla: tsayin da allura ta nuna, wanda jami'i ya faɗa, QNH, tsayin da saɓanin ya bayyana da wanda ya ɓace, ko an yi ruwa, ko an wanke jirgin ko an yi aiki a bayan allon na'urori kwanan nan. Injiniyan da aka rubuta wa "tiransfonda ba daidai ba" kawai zai gwada ta a ƙasa ya ga tana aiki ya sa hannu, ciwon kuma yana jiran ƙafa 5,500. Wanda aka ba lambobi zai jona na'urar gwaji a kafar iska, ya zuƙe matsi ya hau da jirgin mataki-mataki yana tsaye a rumfa, ya duba yoyo, ya gwada allura da abin da tiransfonda ke aikawa a kowane mataki. A dokar Amurka ana yin wannan gwaji duk wata 24 ga jirgin da ke tashi da na'urori, ana kuma sake duba yoyo duk lokacin da aka buɗe bututun iska aka mayar. Ka nemi a nuna maka takardar gwajin da lambobin kowane mataki, musamman tsayin da aka kira ka a kansa, kafin ka sake shiga gajimare da jirgin.